Tsohuwar Bindigar Soja a Hannun Dillali: Me Za Ka Saya, Me Za Ka Bari?

Wani mai karatu daga Dogo Nini a Potiskum ya aiko da tambaya. Ya ce shi mai sha'awar tara tsofaffin kaya ne. Yana da ahu da sisi da sule, yana da akwatin garmaho da fitilar aci-balbal. Yanzu kuma wani dillali ya yi masa tallar ƙaramar bindiga ta soja, libarba, wai tun yaƙin Hitila take. Ta yi tsatsa, kunamarta ta ƙage. Yana so ya san nawa ya kamata ya taya, kuma wa zai gyara masa ita ta dawo fes.

Malam, kada ka taya. Kada ma ka karɓa ka juya ta a hannunka da sunan dubawa.

Na san inda sha'awar ta samo asali. Kana ganin Turawa a YouTube suna kwance tsofaffin bindigogi a kan tebur, suna gogewa, suna jera su a kabad mai gilashi. Dokarsu ce ta ba su dama. A Amurka bindigar da aka ƙera kafin 1899 ana lissafa ta cikin kayan tarihi, kuma akwai lasisi na musamman ga mai tara waɗanda suka haura shekara 50. A Ingila akwai gidajen gwajin bindiga biyu, ɗaya a Landan ɗaya a Birmingham, waɗanda ke tabbatar da cewa an kashe bindiga har abada, su buga mata hatimi su ba da takarda. Mu a nan Najeriya dokar makamai ta 1959 ce ke aiki, kuma ba ta ware wa mai tara kayan tarihi wata ƙofa ba. Ta kasa bindigogi gida uku. Na farko haramtattu, waɗanda ba mai ba da izininsu sai Shugaban Ƙasa, kuma libarba da fistol suna cikinsu, har da na dauri masu aiki da ƙanƙara. Na biyu irin su bindigar harbin tsuntsu, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku bindigar toka da danginta, masu ɗuri ta baki, maganarsu na wajen Kwamishinan 'yan sandan jiha. Wanda aka kama da ta rukunin farko babu izini, hukuncin da dokar ta tanada ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba.

Dillalin zai ce maka ai ta mutu, ba ta tashi, ƙarfe ne kawai. Doka ba ta san wannan ba, domin a ma'anar da ta ba bindiga ta haɗa har da kowane ɓangare nata. Hancin kaɗai, ba ƙota ba kunama, ya isa a tsare ka. Gyaran ma laifi ne mai zaman kansa: ba a yarda a ƙera ko a harhaɗa ko a gyara irin wannan bindiga ba sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko ta sojoji. Ka kai ta wajen maƙeri ko mai walda, ka ja masa abin da bai ji ba bai gani ba. Ko kuwa ya gyara, ƙarfen da tsatsa ta ci shekara 80 yana iya tarwatsewa a hannun wanda ya fara gwada shi.

Sannan ka tuna a ina kake zaune. Duk wanda ya yi rayuwa a Potiskum daga 2012 zuwa shekarun dokar ta-ɓacin da aka kafa a Yobe da Borno da Adamawa a watan Mayun 2013 ya san yadda ake kallon gidan da aka samu bindiga a cikinsa. Jami'in da ya ɗaga katifarka ya ga libarba ba zai tsaya jin tarihin Yaƙin Duniya ba. Kai kuma ba ka san hannu nawa ta bi kafin ta iso wajen dillali ba, ko me aka aikata da ita a Gadaka ko Azare shekara biyar da suka wuce. Ranar da aka gano, a hannunka za a same ta.

Labarin da ake sayar da ita da shi ma yawanci ba ya tsayawa da ƙafarsa. Yankinmu ya ga yaƙe-yaƙe, don haka dillali ba ya rasa sunan da zai jingina wa hajarsa. Rabe ya faɗi a Kusuri a watan Afrilun 1900. Ɗansa Fadlallah Faransawa suka kashe shi a Gujba, nan cikin Yobe ta yau, a 1901. An yi yaƙin Burmi a watan Yulin 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada. An kori Jamusawa daga Garwa a 1915, na dutsen Mora suka miƙa wuya a watan Fabrairun 1916. Duk gaskiya ne. To amma cikin ƙananan bindigogin soja, Browning Hi-Power sai a 1935 ta fito, Webley samfuri na shida a 1915, Luger kuwa sojan Jamus ya fara riƙe ta a 1908. Ka ga ke nan wanda ya nuna maka ɗaya daga cikinsu ya ce ta mayaƙan Rabe ce, ko dai bai sani ba ko yana so ya ci da kai. Haka nan zancen "kakana ne ya dawo da ita daga Burma". Ƙaramar bindiga galibi ta hafsoshi ce, hafsoshin rundunar sojan Afirka ta Yamma a Yaƙin Duniya na Biyu kuwa kusan duk Turawa ne. Kakanninmu doguwar bindiga Lee-Enfield suka riƙe, da adda ta saran kurmi, kuma makami na gwamnati ne, ana karɓewa kafin a sallami soja. Abin da ya fi yawa a hannun dillalai shi ne ragowar yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ko abin da ya malalo daga Libiya bayan 2011, ko ƙirar gida da aka bar wa ruwa da ƙasa suka tsofar da ita.

Akwai wanda bai saya ba, gado ya yi. Tsoho ya rasu, an buɗe akwatin ƙarfensa za a raba gado, sai ga ta naɗe cikin tsumma a ƙarƙashin riguna. Wannan ya fi faruwa fiye da yadda ake faɗi, kuma a nan ne mutane ke gudun gara su faɗa gidan zago: wani ya jefa a masai, wani a rijiya, wani ya cusa a buhun gero ya hau Keke Napep zai kai ofishin 'yan sanda da kansa, a tare shi a shinge kafin ya isa. Ga yadda ya fi. Ka ɗauka akwai harsashi a ciki ko da an rantse maka babu. Kada ka taɓa kunama, kada ka yi ƙoƙarin buɗe ta, ka bar ta inda take, ka kulle ɗakin ka riƙe makullin, yara su yi nisa. Idan akwai harsasai kada su kusanci wuta ko zafin rana. Ka je wajen mai unguwa ka shaida masa, in da hali ka nemi lauya, a rubuta wa DPO takarda: wane ne mamacin, yaushe ya rasu, yaushe aka gani, su wa ke wurin. Su ne za su zo su ɗauka. Ka roƙi a ba ka shaidar karɓa a rubuce, da lambar da ke jikin bindigar, ka adana kwafi. Idan mamacin yana da lasisi, dokar ta ba magada kwana 14 kacal bayan rasuwa, don haka ba abin da za a jira sai an yi sadakar arba'in ba ne. Kana iya ƙarawa a takardar cewa iyali na roƙon a miƙa ta ga gidan tarihi idan hukuma ta ga ta cancanta. Roƙo ne, ba dole a amsa ba, amma ya fi a yi shi. In kuwa abin da aka tono a gona gurneti ne ko kan roka, ko matsar da shi kada a yi. A sa alama daga nesa a kira jami'ai.

Hoto? Ka ɗauka guda ɗaya a inda take, don tarihin iyali, a wanke shi a haɗa da takardar 'yan sanda. Kada ya hau WhatsApp.

To, me ya rage wa mai sha'awa? Abu mai yawa, kuma a ganina ya fi bindigar daraja. Dubban 'yan Arewa sun shiga rundunar sojan Afirka ta Yamma, suka yi yaƙi a Habasha da Somaliya a 1941, sannan runduna ta 81 da ta 82 suka tafi Burma, suka ratsa kwarin Kaladan da Arakan, suka kama Myohaung a watan Janairun 1945. Bataliyoyi uku na Najeriya sun yi aiki da dakarun Chindit a 1944, shi ya sa har yau akwai barikin Chindit a Zariya, da barikin Myohaung da na Arakan a Legas. Waɗannan mutane sun dawo garuruwansu da lambobin yabo, da littafin sallama, da jar dara, da bajo mai hoton bishiyar kwakwa, da bel da gorar ruwa da akwatin ƙarfe mai lambar soja a murfi. Yawancin kayan nan suna nan cikin ɗakunan tsofaffi gara na ci, ko an sayar wa 'yan gwangwan da kilo. Ba ka buƙatar lasisin kowa kafin ka cece su.

Lambar yabo tana da hanyar dubawa. Tauraruwar Burma tsini shida gare ta, launin tagulla, da kambi da harufan Sarki Joji na Shida a tsakiya. Ƙyallenta ja ne a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Galibi ba ta tafiya ita kaɗai, za ka same ta tare da tauraruwar 1939 zuwa 1945 da kuma lambar yaƙi mai zagaye, fara. Ka riƙe maganaɗisu a aljihu: in ya kama, ta bogi ce. Ka duba harufan da kyau a hasken rana. Ta gaske bugawa aka yi, rubutunta a tsaye yake, da kaifi. Ta jabu zubi ce, harufan sun narke, jikin da 'yan ramuka kamar na ƙuraje. Abin da ya kamata ka sani shi ne lambobin Yaƙin Duniya na Biyu yawanci an raba su babu suna, don haka lamba ita kaɗai ba ta gaya maka ta wa ce. Na Yaƙin Farko kuwa an buga suna da lambar soja da runduna a jikinsu. Wannan ya sa littafin sallama ya fi lambar muhimmanci. A ciki za ka ga sunan mutum, lambarsa, ranar da ya shiga da ranar da ya fita, da shaidar da hafsansa ya yi masa. In za a sayar maka da lamba a bar littafin, ka ƙara kuɗi ka haɗa duka, ko ka bar duka. Raba su kashe tarihin ne. Wanda kuma kakansa ya tafi bai dawo ba, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel tana da rumbun sunaye a intanet, kyauta, kuma akwai sojojinmu a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon.

Kada ka goge lamba da Brasso, kada ka dirje ta da toka da tsamiya yadda ake wa tasa. Duhun nan da ta yi shi ne shekarunta, kuma kowace dirza tana cin rubutun. Busasshen burushi mai laushi ya isa. Tsohon ƙyallen ko ya koɗe kada ka yar. In ka samo sabo ka ajiye tsohon a ambulan tare da ita.

Sai takobi, wanda shi ne makaminmu na asali, kuma a nan ne aikin gyara na gaske yake. A ƙasar Fika da Potiskum, inda Bolewa da Ngizim da Karekare da Barebari da Hausawa da Fulani suka cakuɗa, za ka ga iri biyu. Akwai takobin da aka sani a ƙasar Hausa da Azbin, mai faɗi, kansa a ɗan zagaye, gindin ƙotar a lulluɓe da fata ko tagulla. Akwai kuma na gabas, irin na Borno da Wadai har Sudan, mai siririn ƙarfe a gicciye da kube mai faɗaɗa wajen ƙarshe. Wasu tsofaffin ruwan takubba daga Turai suka zo ta Sahara, musamman daga Solingen ta Jamus, aka yi musu ƙota da kube a nan. Alamar kyarkeci mai gudu ko jinjirin wata biyu da ake gani a jiki daga can ta samo asali, sai dai maƙeranmu sun daɗe suna kwaikwayonta, don haka alama kaɗai ba hujja ba ce. Ka duba kwarmin da ke bin tsawon ruwan. Na tsoho a miƙe yake, santsi, gefensa ya lashe saboda shekarun wasawa. Na jiya, wanda aka yanko daga sifirin ɗin mota ko falankin ƙarfe don hawan salla, za ka ga sawun giranda, ga nauyi a gaba yana rinjayar hannu. Shi ma ba laifi ba ne a saya, muddin da kuɗin sabo aka saya.

Amma nan ma akwai doka, kuma mutane da yawa ba su san da ita ba. Dokar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta 1979 ta ce makami ko sulke ko kayan sarauta ƙirar gida da aka yi kafin 1918 kayan tarihi ne. Ba mai saye sai wakilin da hukuma ta amince da shi, ba a kuma fitar da shi waje sai da izini. Saboda haka in takobin ya yi kama da na zamanin Rabe da gaske, ka ɗauki hotonsa ka je gidan tarihi na Damaturu, ka nemi shawarar ma'aikata kafin kuɗi ya shiga tsakani. Na gidanku da kuka gada kuwa riƙe shi za ka yi ka kula da shi. In kana so idonka ya saba da na gaske, ka ware rana ka shiga Gidan Makama a Kano, ka tsaya gaban makaman ka ƙare musu kallo.

Gyara kaɗan ake yi. Ka shimfiɗa tabarma a inuwa, ka zare takobin a hankali. In ya ƙi fita kada ka fizga, ka ɗiga mai a bakin kuben ka bar shi ya kwana. Tsatsa iri biyu ce. Ja mai gari, wadda ke ɓata yatsa in ka shafa, ita ce mai ci, ita za ka cire. Baƙa mai santsi ta riga ta zauna, tana ma kare ƙarfen, ka ƙyale ta. Ka shafa man keken ɗinki a kan jar, ka bar shi ya jiƙa kwana ɗaya ko biyu, sannan ka kankare da ɗan guntun itace ko gefen tsohon kwabo na jan ƙarfe, wanda ya fi ruwan takobin laushi, ba zai karce shi ba. Ka bi tsawon ruwan, kada ka gicciya. Ka goge da farin tsumma, za ka ga ya fito ja-ja. Ka sake mai, ka sake, har tsumman ya daina kama launi. Daga nan ka share man tas, ka shafa kakin zuma siriri, ka murza. Ban da samfefa, ban da ruwan batir, ban da baƙin mai na mota, ban da man gyaɗa ko manja, waɗanda ke yin danƙo su kira kiyashi. Mafi muni shi ne a kai wa mai wasa wuƙa a kasuwa. Cikin minti biyar zai ba ka abu mai walƙiya, alamar maƙerin da ta yi shekara ɗari ta tafi da tartsatsin.

Kube aikin dukawa ne, a nemi dattijo cikinsu wanda ya san ɗinkin da. Ka gaya masa ɗinki za a yi inda ya farke, ba sabuwar fata za a sa ba, domin in ka bar shi da son ransa zai yaye tsohuwar ya lulluɓe da ja mai ƙyalli ya ce ya yi maka gwaninta. Fatar da hunturu ya busar tana son ɗan man kaɗanya, kaɗan ƙwarai, a kan yatsa, a gwada a ɓoyayyen wuri tukuna saboda yana duhunta launi. Hamilar da ta tsinke a ajiye ta gefe, kada a rataye takobin da ita. Ƙotar da ke girgiza a ɗaure ta da zare ko a sa ɗan itace a matse. Kada a zuba mata gam mai kamawa nan take, kada a yi walda. Duk gyaran da ba za a iya warware shi gobe ba, a bar shi. Kuma da damina ka riƙa raba takobi da kubensa, domin fatar da aka jeme da bagaruwa tana riƙe laima, ita da ƙarfe kuma ba sa shiri. Ka duba shi sau ɗaya a wata daga Yuni zuwa Satumba.

Bindigar toka ta kaka maharbi tana tsaka-tsaki. Ba ta cikin haramtattu, amma kada ka ɗauka don haka ta zama sandar kiwo. Ka je hedkwatar 'yan sanda ka tambayi matsayinta a jiharka a yanzu, ka sami amsa a rubuce. Kuma irinta na iya zama da ɗurin albarushi na shekaru a ciki ba wanda ya sani.

Maganar ciniki. Ka fi son saye daga gida a kan saye daga dillali, ko da ya fi tsada, saboda a gida ne labarin yake. Sai dai kayan mamaci na magada ne duka. Saurayin da ya zaro lambobin kakansa ya kawo maka da magariba ba shi kaɗai ke da su ba, kuma gobe baffansa zai yi maka sallama. Ka ce a tara manyan gidan, a yi a gabansu, a rubuta takarda da shaidu biyu. Abin da ya yi kama da kayan fada, sulke ko kwalkwali ko lifidi ko tambari, ka tambaya sau uku daga ina ya fito. Fada ba ta sayar da kayanta a bayan kasuwa. In iyali ba sa son rabuwa da kayan, kada ka matsa. Ka roƙi izinin ɗaukar hoto, shafi-shafi, ka zauna da tsohuwar gidan ka kunna rikoda a wayarka ta ba ka labarin ranar da ya dawo, wa ya tarye shi a tasha, me ya riƙa faɗa game da jirgin ruwa da kurmi. Masu wannan labari suna ƙarewa da sauri fiye da yadda ƙarfe ke ruɓewa.

Ka buɗe littafi mai bango mai ƙarfi. Kowane abu ka ba shi lamba, ka rubuta ranar da ya zo hannunka, daga wane gida, nawa ka biya, me aka ce game da shi, me ka gani da idonka, kuma wane gyara ka yi masa. Ka raba abin da aka faɗa maka da abin da ka tabbatar, kowanne da layinsa. Lambar ka rubuta ta da fensir a ɗan kati ka ɗaura da zare, kada ka manna salatif a jikin kaya. Takardu a sa su a kwance cikin fayil tsakanin fararen takardu, ba a leda ba, ba kuma a kai su a manne da roba mai zafi ba, sannan akwatin a ɗora shi a kan bulo nesa da bango saboda gara. Ranar da za ka ɗauko takobi daga ƙauye, ka naɗe shi a buhu ka ɗaure, ya zauna a but, takardar cinikin na aljihunka, ka yi tafiyar da rana, kuma a shinge ka riga jami'i faɗa kafin ya buɗe.